Butar Shayin Kuku Ɗanjuma

Jibiya, ranar Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ke da direba da duk wanda kuka shiga mota tare. Allah Ya tsare ku daga nan zuwa Katsina, Ya tsare ku daga Katsina zuwa gaba, Ya kawar da idon mugu daga kanku. Ki gaida gwaggonki, ki ce ina godiya da ɗakin da ta ba ki.

Za ki tsinci takardar nan a ƙasan jakarki. Na san za ki ce, to Inna, muna gida ɗaya, mi ya hana ki faɗa mini da baki? Na gwada. Jiya sau biyu ina kiranki, in kin zo sai in ce ki miƙo mini abin da ba na bukata. Sunan uwata gare ki, kuma akwai maganar da ke yi mini nauyi in ina kallon idonki. Yau tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na ɗora tukunya na manta ban sa gishiri ba. Manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka suna ta danna ƙaho, kowane ƙara sai in ji kamar motarku ce ta zo tun kafin gobe. Wannan ce takarda ta uku, biyun farko na yage.

Abin da ya hana ni sukuni ba tafiyar ba ce kaɗai. Kin ce mutanen nan da suka ɗauke ki aiki a Abuja, masu gwanjon tsofaffin kaya, duk abin da kika faɗa a kan cokali ko faranti na azurfa shi za su buga a takarda su miƙa wa mai saye. Wato bakinki ya zama hukunci. Ni ma akwai lokacin da bakina ya zama hukunci a ƙasar nan, kuma ban riƙe shi da kyau ba. Ba ku san wannan ba, ke da 'yan uwanki. Kun taso kun ga ana cewa a kai wa Hajara ta duba, kun ɗauka haka aka haife ni. To zauna ki karanta.

Ina da shekara goma sha tara na fara dillanci, ban daɗe da aure ba. Kakanki maƙerin fari ne, ba ki tarar da shi ba, amma a lokacin mata daga ko'ina suke kawo masa tsofaffin cokula ya narka ya yi musu awarwaro. Kafin ya jefa cokali a wuta sai ya juya bayansa ya kara gilashi. Shi ya nuna mini ɗan zakin nan mai tafiya ya ɗaga hannu ɗaya, ya ce in na gan shi azurfar Ingila ce. Ya nuna mini kan mace mai hular yaƙi, ya ce wannan ta Faransa ce, irin wadda ke shigo mana ta Maraɗi. Iyakar abin da na riƙe ke nan, amma a raina na gama karatu.

Wata ranar kasuwa wani mutum ya sauke buhu daga Kano, cike da cokula, wai na wani tsohon masaukin Turawa ne da aka rufe. Na juya bayan ɗaya, na ga haruffa huɗu, E da P da N da S, kowanne cikin ɗan gidansa kamar hatimi. Na ce a raina, in hatimi ɗaya azurfa ne, ai huɗu sai abin da ya fi. Na saida tunkiyata, na kwashe rabin buhun, na nufi maƙera ina sauri kada wani ya riga ni ba da labari.

Kakanki ya ɗauki ɗaya ya duba. Ya ce, "Ina zakin?"

Na ce, "Baba, waɗannan hatimi huɗu gare su."

"Na ce ina zakin?"

Na leƙa, babu zaki. Ya jawo magagari ya goga gefen cokalin sau uku, sai ga wani ƙarfe mai ɗan rawaya ya leƙo. Ruwan azurfa aka yi musu, haruffan nan ma abin da suke faɗa ke nan ga wanda ya iya karanta su. Ya ce, "Mai kayan ya ce miki azurfa ce?"

"A'a."

"Kin tambaye shi?"

"A'a."

"Don mi?"

Na ce, "Kada ya ce ban san aikina ba."

Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini cokalin ya ce in je in ci tuwo da shi. Da su muka yi ta ci a gidan nan har kuka girma, in kin tuna masu baƙin baki ɗin nan.

Ummi, a wurin aikinki za su ajiye miki abin da ba ki taɓa gani ba, mai gida yana tsaye a kanki yana jira. Ki ce, "Ban sani ba, a ba ni lokaci in bincika." Ba za su kore ki don wannan ba. In ma sun kore ki, ki dawo gida, akwai tuwo. Yawan hatimi ba shi ne azurfa ba, masu yin ruwan azurfa da gangan suke jera su don su ruɗi irina.

Na biyu ya zo bayan shekara uku ko huɗu. Wata tsohuwa a unguwarmu ta ba ni ludayin miya in sayar mata, mai nauyi, ya yi baƙi ƙirin don daɗewa a adaka. Akwai wani ɗan Maraɗi, Isufu, da ke tsallakowa duk ranar kasuwa yana sayen irin kayan nan ya kai Yamai. Na ce ba zan nuna masa abu baƙi haka ba. Na samo toka da yashi mai laushi, na zauna bakin rijiya na dirje ludayin nan har yana ɗaukar ido. Na ga wani ɗan tabo a bayan mariƙin, na ɗauka datti ne ya maƙale, na ƙara masa ƙarfi.

Isufu ya kara gilashinsa, ya daɗe, sannan ya ɗago. Ya ce, "Wa ya wanke wanga?"

Na ce ni ce, ina jiran yabo.

Ya ce, "Kan macen yana nan, azurfa ce. Amma nan gefe akwai hatimin maƙerin da ya yi shi, cikin ɗan gida mai kusurwa huɗu a karkace. Ga inuwarsa nan. Haruffan sun tahi. Kin kashe sunan mai shi, Hajara. Da sunan nake saye, yanzu sai dai a auna shi a sikeli kamar kowane guntun ƙarfe."

A maƙera ludayin ya ƙare. Na je na faɗa wa tsohuwar, ta ce ba komai, amma har ta rasu ba ta sake ba ni ko zobe ba.

Don haka kada ki wanke abu kafin ki karanta shi. In hatimi ya cushe, ki hura masa numfashi ki goga da tsumma mai laushi, ki juya shi wajen haske ta gefe. In bai fito ba ki bar shi haka. Baƙin da ke cikin ramin harafi shi ke nuna miki harafin. Kuma kayan amana ba naki ba ne da za ki gyara shi yadda kika ga dama, ki tambayi mai shi tukuna.

Waɗannan biyun da sauƙi, dukiya ce ta salwanta. Na tashi na sha ruwa na dawo, don abin da zan rubuta yanzu shi ne dalilin takardar.

Bayan abin ludayi na dage da koyo. Isufu ya ba ni wasu shafuka da aka kwafa daga wani littafin hatimai na Ingila, guda shida, sauran littafin babu. A ciki na gane cewa ban da zaki akwai alamar garin da aka auna azurfar, ƙugiyar jirgin ruwa ko kan damisa ko kambi, akwai haruffan maƙeri, sannan akwai harafi guda da ke nuna shekarar da aka yi abin. Na sayi ɗan littafin rubutu ina zana duk hatimin da ya ratsa hannuna. Suna ya fita. Daga Farfaru, daga Gangara, har daga tsallake ana aiko mini kaya. Kakanki ya rasu, babu sauran wanda zai ce mini ina zakin. Kaina ya kumbura.

Kin san Saratu, wadda ke kawo mana daddawa, kuke ce mata Inna Saratu. Tun muna 'yan mata muke tare, a kasuwa kuma rumfarta na kallon inda nake shimfiɗa kayana. Mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Gangara, kakanninsu Maguzawa, su kuma Kirista. Mahaifinta shi ne Kuku Ɗanjuma. Ya yi shekaru yana dafa wa wani Baturen likita abinci, har likitan ya koma ƙasarsu, shi kuma ya dawo gona.

Yana da wata butar shayi ta azurfa. Abin da yake faɗa shi ne, bayan likita ya tafi da wasu shekaru, ya aiko masa da ita ta hannun wani Bature da ya zo wucewa, shi Kuku ya je Katsina ya karɓo. Babu wanda ya raka shi, takardar da ta zo da ita kuma gara ta cinye. Matsalar ita ce kowa a ƙauyen ya san wani labarin. Dab da tafiyar likita, matarsa ta nemi wata butar shayi da ta gada daga kakarta ta rasa, har aka bincike ɗakunan ma'aikata, ba a gani ba. Shekara da shekaru ana raɗa, ba wanda ya furta. Sai da aka zo zaɓen dattawan majami'arsu, aka sa sunan Kuku Ɗanjuma, sannan wani ɗan uwansa mai suna Tanko ya miƙe ya ce ba za a ɗora ɓarawo a kansu ba.

Saratu ta same ni a kasuwa idonta ja. Ta ce, "Hajara, an ce kina gane shekarar da aka yi abu. Ki zo ki duba. In sabuwa ce, an yi ta bayan tafiyar likita, ai kin ga ba ta matar ba ce. Baba ya ce a kira ki, shi ya yarda da ke."

Na je. Muka hau bayan a-kori-kura, muka ƙarasa da ƙafa. Na ɗauka a ɗaki za a nuna mini, sai na tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya, maza sun fi ashirin, mata na leƙe ta kan danga. Maimakon in tsorata, daɗi na ji. Tsohon ya fito da kansa, dogo ne siriri, ya sa farar rigarsa ta aiki mai maɓallai wadda ta sha wanki. Ya kwance butar daga cikin tawul ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ɗiyata, duba da kyau. Abin da kika gani shi za ki faɗa."

Na juya gindinta. Ga zaki, ga ƙugiyar jirgi, ga haruffan maƙeri guda biyu, ga harafin shekara. Na zana su a littafina kamar yadda na saba, na buɗe shafukan Isufu, na bi layi da yatsa har na ga harafin. Shekarar da ke gabansa ta nuna butar ta haura shekara ɗari da yawa. Sai dai na lura gidan da harafin ke ciki a takarda bai yi daidai da na jikin butar ba, na takarda ƙasansa a zagaye, na butar yana da ɗan tsini. Na kuma lura a layin takardar akwai hoton kan sarauniya, a butar babu. Na gani, Ummi. Ba zan ce ban gani ba. Amma mutum ashirin sun zuba mini ido, an ɗauko ni tun daga Jibiya, sai in ce ban tabbata ba? Na ce a raina goguwa ce ta tsufa.

Tanko ya ce, "To, ɗiyar maƙeri, mi kika gani?"

Na ce, "Azurfa ce ta Ingila, mai kyau. Kuma tsohuwa ce ƙwarai. An yi ta tun kafin a haifi likitan, tun zamanin kakanninsa."

 Sai Tanko ya tafa hannu sau ɗaya ya ce, "Kun ji dai." Saratu ta dafa danga. Tsohon ya matso. Ya karɓi butarsa, ya naɗe ta a tawul a hankali, kusurwa bayan kusurwa, ya ce da ni, "Sannu da hanya, ɗiyata. A ba ta ruwa ta sha." Ya shige gida.

Ba a zaɓe shi ba. Daga baya na ji ya daina zama a layin gaba a majami'a, ya koma can baya kusa da ƙofa. Yara suka sa masa suna. Saratu ba ta daina gaishe ni ba, amma ta matsar da rumfarta zuwa layin masu gyaɗa. Ni kuwa na ce ai gaskiya na faɗa, gaskiya ɗaci gare ta.

Ki ji ni da kyau a nan. Harafin shekara yana zagayowa. In sun ƙare haruffa sai su koma farko, su canza salon rubutun da siffar gidan. Harafi ɗaya yana iya zama shekara huɗu ko biyar daban-daban, tsakaninsu rayuwar mutum guda. Ki duba harafin, ki duba gidansa, ki duba abin da ke kusa da shi, ki duba abin da ya kamata ya kasance amma babu. In abu ɗaya ya ƙi zama daidai, ki tsaya a kansa, kada ki lallashe shi. Kuma kada ki yanke magana a gaban taro. Ki ce za ki rubuto. Ido da yawa yana sa mutum ya faɗi abin da bai gama gani ba. Kafin ki buɗe baki ki tambayi kanki, wa maganar nan za ta faɗa wa a kai? Ni na ɗauka shekarar buta aka tambaye ni.

Shekara biyar aka yi. Ina da cikinki lokacin da Isufu ya zo mini da littafin gaba ɗaya, ya samo a Yamai, ya ce in riƙe mako biyu. Na zauna a rumfar tsakar gida da hantsi ina gwada tsofaffin zanena ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗi. Na zo kan shafin butar. Na nemi ƙugiyar jirgi, na bi harafin. Ga wanda na faɗa musu. Na juya shafi, ga shi kuma. Na sake juyawa. Can kusa da ƙarshen littafin na gan shi, salon rubutun iri ɗaya, gidan mai ɗan tsini a ƙasa, babu kan sarauniya, kamar an ɗauki hoton zanena. Shekarar kuwa bayan an sami mulkin kai ce. Na lissafa da abin da Saratu ta taɓa gaya mini na tafiyar likita. An ƙera butar nan likita yana ƙasarsu da shekara uku. Shafukan nan shida da nake taƙama da su ba su ma kai wannan zamanin ba.

Na rufe littafin. Na buɗe. Na tashi na zagaya gidan nan ban san abin da nake nema ba. Da mahaifinku ya dawo na nuna masa, ya ce, "Gobe ki shirya in kai ki wurin tsohon."

Na ce sai na haihu, hanyar ba kyau.

Na haihu. Ya ce, "To yanzu fa?" Na ce sai na yi arba'in. Na yi arba'in, na ce damina ta sauka, rafi ya cika. Rani ya zo, na ce sai na ga Saratu ita kaɗai a kasuwa in fara gaya mata. Na gan ta ya fi sau ashirin. In tunkari layin masu gyaɗa, in na hango kanta sai in tsaya taya wani abu da ba zan saya ba. Abin da nake tsoro, a ce Hajara ta yi kuskure, kowa ya kwashe kayansa. Na riƙa gaya wa kaina ai abin ya wuce, tsohon ya saba, tono shi zai ƙara masa ciwo. Mahaifinku ya gaji ya daina magana, sai dai duk ranar da aka kawo mini kaya ina bayani da ƙarfin murya, in ɗago in ga yana kallona.

Kina tafiya da ƙafarki, kin fara cewa Inna, ranar da wata mai daddawa ta ce mini, "Ba ki je wa ƙawarki gaisuwa ba? Ai Kuku ya kwana bakwai a ƙasa."

Kuskuren gindin tsamiya na jahilci ne da girman kai. Wannan kuwa da sanina na yi shi, kullum, har shekara biyu. Ummi, za ki yi kuskure a aikin nan, babu makawa. Ranar da kika gane, ranar za ki faɗa. Kada ki jira ki sami kalmomi masu kyau, kada ki jira mai gida ya kasance cikin fara'a. In takarda ta riga ta fita, a bi ta a dawo da ita. Kunyar yini ɗaya ce. Wadda na ɗauka ni, ga shi kin yi digiri ban sauke ta ba.

Washegarin da na ji rasuwar na goya ki, na hau kabu-kabu har ƙofar gidan su Saratu, da littafin zanena da shafin da na sa aka kwafa mini. Na yi wa Saratu gaisuwa, sannan na ce ina da magana. Muka shiga ɗakinta. Na buɗe takardun na nuna mata harafin, na nuna mata gidan, na faɗi shekarar. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ce, "Yaushe kika gane?"

Nan ne na so in yi ƙarya. Na ce, "Shekara biyu ke nan."

Ta dube ni, ta dubi ke a bayana. Ta tashi ta fita. Na zauna ni kaɗai a ɗakin nan ina jin tana daka a waje, daka mai ƙarfi, alhali na ga turmin babu komai a ciki lokacin da na shigo. Da ta dawo ta ce, "Ba ni za ki gaya wa ba. Ran Lahadi ki dawo, in an taso, ki faɗa a inda kika faɗi ta farko."

Na dawo. Na tsaya a gindin tsamiyar da mayafina har suka fito daga majami'a. Fastonsu ya tara su. Da yawa daga waɗanda suka ji ni a karon farko sun mutu ko sun bar garin, matasan kuma ba su san ma wace ce ni ba. Tanko na nan, ya tsufa, yana dogara sanda. Na ce, "Ni ce na ce butar Kuku Ɗanjuma tsohuwa ce. Ba haka ba ne. An yi ta bayan likita ya tafi. Ba ta matar ba ce, ba zai yiwu ta zama ita ba. Abin da ya gaya muku gaskiya ne. Ni ce ban iya karatun ba, kuma da na gane na ɓoye." Ina magana, ke kuma kina ta jan ɗankunnena.

Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zaga. Tanko ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya juya ya bi hanyar maƙabartarsu shi kaɗai, ba wanda ya bi shi.

Saratu ta rako ni bakin hanya. Muna jiran abin hawa na ce mata, "Ya tsine mini ko?"

Ta ce, "Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ni ce nake zaginki, shi yana hana ni. Cewa yake, yarinyar nan ɗiyar maƙeri ce, ta san aikinta, ba za ta yi mini ƙarya ba. Har ya fara cewa wataƙila likita ne ya ga butar matar a cikin kayansu bayan sun isa gida, ya aiko masa da ita. Daga baya kuma, da tsufa ya kama shi, sai ya riƙa kirana yana tambaya, Saratu, anya ban ɗauka ba na manta?"

Shi ke nan abin da nake son ki sani. Saratu ta dawo da rumfarta bayan wani lokaci, ba mu sake tada maganar ba, ni kuma ban tambaye ta ko ta yafe ba, don ban ga ina da bakin tambaya ba. Gobe da safe za ta zo yi miki sallama. Ki durƙusa ki gaishe ta da kyau.

Ga la'asar ta yi, ban ɗora girki ba, kuma na ji muryarki a zaure kin dawo daga wurin tela, bari in naɗe. Ki riƙe salla a kan lokaci. Kada ki hau motar da ba ta tasha ba, in kun tsaya a hanya ki kira mahaifinku ko da ba abin da ya faru. Ki ci abinci, kin san halinki in aiki ya sha miki kai.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah Ya tsare idonki da harshenki, kada Ya sa a cuci wani ta bakinki. Ya dawo mana da ke muna raye, ƙasar nan kuma ta yi sanyi. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajara.